Tambarin Toyota Ba Shaidar Lafiyar Mota Ba Ne

Duk wanda Allah ya buɗa wa a kasuwar Jega, ko albasa ta yi masa daraja a Aliero, ko shinkafar rani ta karɓe shi a fadamun Maiyama, da zarar ya ce zai sayi jif, shawarar da zai ji ɗaya ce. Daga majalisar ƙofar gida har tasha, kowa zai ce masa: "Alhaji, nemi Toyota ka huta, ita ba ta mutuwa." In kuɗin sun ɗan taka kara sun karya, a ce ya kai hannu ga Lexus, ai gidansu ɗaya. Maganar ta zauna daram har ba mai neman hujjarta. Ni kuwa ina ganin tana cikin shawarwarin da suka fi cin dukiyar mutanen yankin nan, domin gaskiyar wata mota ce aka ɗauko aka yafa wa wata.

Sunan da Toyota ta yi a ƙasashen Sahel, Land Cruiser da Hilux ne suka yi mata shi. Ta farko asalinta tun 1951, ta biyu tun 1968. A 1987 sojojin Chadi suka fatattaki tankokin Libiya a cikin hamada da irin waɗannan motoci, har duniya ta sa wa yaƙin sunan kamfanin. Mu ma nan mun ga Hilux ta ma'aikatan riga-kafi tana shiga ƙauyukan da babur ke shakkar shiga da damina. Motoci ne da aka ɗora jikinsu a kan casis na ƙarfe irin na babbar mota, da giyar taimako ta fita daga yashi da laka, an ƙera su don kaya da wahala.

To amma malamin makaranta ko matsakaicin ɗan kasuwa ba Hilux kuɗinsa ke kaiwa ba. Abin da yake samu shi ne Highlander ta tsakanin 2001 da 2007, ko Lexus RX300 ta farko da aka daina ƙerawa a 2003, ko RX330, ko tsohuwar RAV4. Highlander da RX ɗin nan a kan tsarin Camry aka gina su, don iyalan Amurka masu kai yara makaranta a kan kwalta. Da yawa daga cikin waɗanda ake kawo mana ƙafafun gaba kaɗai ke ja. Ka sauka da ita daga titin Jega zuwa Koko ka nufi gona cikin watan Agusta, inda Camry za ta kafe ita ma nan za ta kafe, ɗan tsayin da ta fi ta da shi bai kai a dogara da shi ba. Mai ita kuwa ya biya kuɗin jif, yana shan man jif.

Sai batun cewa ba ta mutuwa.  Injin mai silinda shida da ke cikin RX300 da Highlander ta farko ya yi ƙaurin suna a Amurka wajen daskarewar baƙin mai, har masu motoci suka kai ƙara, aka yi sulhu a 2007 a kan motoci miliyoyi na shekarun 1997 zuwa 2002. Giyar RX300 sananniya ce wajen lalacewa idan ta yi nisan tafiya. RAV4 ta 2001 zuwa 2003 tana da matsalar ƙwaƙwalwa da ke sa giya fizga har ta kashe ta. Ta 2006 zuwa 2008 mai injin lita 2.4 kuma tana shan baƙin mai, har kamfanin ya tsawaita garanti saboda haka. Duk wannan a rubuce yake, masu motocin a can sun san shi. Garantin ya ƙare da daɗewa, kuma ko lokacin da yake aiki bai ƙetaro teku ya zo Kebbi ba. Ban ce waɗannan motoci marasa kyau ba ne. Motoci ne masu kyau da suka tsufa, kowace da ciwon da aka san ta da shi, kuma mai saye yana da haƙƙin a gaya masa ciwon kafin ya ƙirga kuɗi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda tambarin ke hana mutum tambaya. Da a ce wata mota ce, zai leƙa ƙarƙashi, ya kira bakanike, ya yi ta ja-in-ja. Da ya ga Toyota sai jikinsa ya mutu. Alhali motar da ake kira tokumbo tana da tarihin shekara goma sha biyar ko ashirin da bai sani ba. Agogonta da mil yake ƙirga, mil 200,000 kuwa ya haura kilomita 320,000, wannan ma in ba a mayar da agogon baya ba. Da yawa daga wuraren gwanjon motocin da suka yi haɗari ake sayo su, irin Copart da IAA, inda kamfanonin inshora ke zubar da abin da suka ga gyaransa bai biya ba. Lokacin da guguwar Harvey ta nutsar da birnin Houston a 2017, motoci dubu ɗaruruwa ruwa ya shanye, kuma irin waɗannan ba duka ake niƙewa ba. Motar da ta kwana cikin ruwa za a wanke ta, a fesa mata turare, ta yi sheƙi. Bayan wata shida sai wayoyi su fara ruɓewa, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe ta ƙi tashi, ba wanda ya san dalili.

Ga kuma takardu. A ranar 1 ga Janairu 2017 gwamnatin tarayya ta fara hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, mu kuma jiharmu tana maƙwabtaka da Benin da Nijar, kowa ya san Kamba da Tsamiya da Lolo. Motar da ta zo da araha fiye da ƙima, a duba takardar kwastan ɗinta da kyau. Wanda ya sayi jif da takardar bogi, ranar da aka tare shi a hanyar Yauri ko ta Sakkwato ba wanda zai tambaye shi sunan kamfanin da ya ƙera ta.

Idan kuma ta hannu ce, wadda ta yi shekaru a Najeriya, to a nan laifin ya dawo gida. Mun san abin da ake yi wa mota a garejinmu. A cire abin da ke daidaita zafin inji a jefar, a haɗa fanka kai tsaye, a cika lagireto da ruwan rijiya. A zuba baƙin mai mai kauri a injin da aka ƙera don mai tsinkakke. A zuba wa giya kowane jan mai aka samu. A fasa salansa a ƙwaƙule abin tace hayaƙi a sayar. Fitilar gargaɗi ta kama, maimakon a nemi dalili sai a kashe ƙwanta. Injin mai silinda shidan nan yana da bel da ya kamata a canja wajen mil 90,000, mutum nawa ne suka taɓa tambayar ranar da aka canja shi? Ƙara da man 'yan bumburutu da ake saye a galan idan gidajen mai sun rufe. Babu injin da aka ƙera a Japan ko a ko'ina da zai jure wannan don kawai sunan da ke goshinsa. Kanikawanmu suna da basira, na sha ganin sun tayar da motar da aka fid da rai da ita, amma yawancinsu a kan Fijo da Golf da Starlet suka koyi aiki, motar da kwamfuta ke tafiyar da giyarta tana son na'urar bincike, ba kunne kaɗai ba.

Mu zo ga mai. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Tankin Highlander ya fi lita 70. A wancan farashi, cika shi sau ɗaya ya cinye mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024. Mai silinda shida tana shan wajen lita 12 zuwa 13 a kilomita 100 idan tana da lafiya, Corolla kuwa wajen 8. Malamin jami'ar Aliero da ke zuwa aiki daga Birnin Kebbi ta Kalgo da Jega a kan kwalta zai ji wannan bambanci a jikin albashinsa duk wata. Shi ya sa za ka ga jif a jingine ƙofar gida an lulluɓe ta, maigidan yana fita da babur. Dukiyar da za ta ƙara jari ko ta sayi famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana ta zama abin kallo.

Masu kare ra'ayin sayen Toyota suna da hujja biyu, kuma ba na raina su. Suna cewa kayan gyaran Toyota ba sa wuya, in babu a Jega akwai a Birnin Kebbi ko Sakkwato, in ya gagara a aiko daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas. Suna kuma cewa ranar da ka matsu za ka sayar da ita nan take. Haka ne. Sai dai yawan kayan ya zo da yawan jabu, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗin giya ko inji na tokumbo ya zama abin da ke tsayar da mota shekara guda. Saurin sayarwa kuwa, ai kai ma da wannan tsadar ka saya, kuma wanda ya san mota ba zai biya ka kuɗin mai lafiya a kan wadda giyarta ke fizga ba.

Irin wannan hukunci da suna shi ne ke sa a guji motoci masu kyau. Ana cewa Honda tana cire ƙafa, sai a haɗa duka a yi musu kuɗin goro. Accord ce ta jawo wannan suna. CR-V ta 2002 zuwa 2006 tsarin ƙafarta ta gaba daban ne, injinta mai silinda huɗu ne da sarƙa maimakon bel, ba ta kai Highlander shan mai ba, kuma sau da yawa ta fi sauƙin kuɗi. Ita ma tana da nata ciwon, na'urar sanyinta kan lalace. CR-V da mutum ɗaya ya riƙe yana yi mata juye a kan lokaci ta fi Lexus da ta ratsa hannu biyar, kuma RAV4 mai tarihi a fili ta fi su duka idan an same ta.

Wanda aikinsa ɗaukar buhunan albasa ne daga gona zuwa kasuwa, a-kori-kura yake buƙata ko hayar Kanta, kujerun fata ba su da amfani gare shi. Wanda tafiyarsa kwalta ce daga Maiyama zuwa Jega, Corolla ta ishe shi. Wanda kuma dole sai jif, saboda iyali da hanyar ƙauyensu, to ya je da bakanikensa, ba na dillali ba. Ya kwafi lambar casis mai harafi da lamba 17, ya sa a bincika masa tarihinta a intanet da ɗan kuɗi kaɗan, a can zai ga ko ta yi haɗari, ko ruwa ya ci ta, da mil nawa ta bar Amurka. A sa mata na'ura. A tayar da ita da sanyin safiya kafin inji ya ɗumama, a ɗaga dardumar ƙasa a nemi tsatsa da laka, a leƙa ƙarƙashi a tabbatar ƙafa huɗu ke ja in don haka ake sayenta. A tuƙa ta daga Jega har Aliero a dawo, giya ta yi zafi ta nuna halinta. Dillalin da ya ƙi yarda da wannan, ko ya ce wani Alhaji na nan tafe da kuɗi yanzu, a bar masa motarsa.