A Duba Saniya Kafin A Ɗauko Allura

'Yan'uwa manoma, da yawa cikin ƙungiyoyinmu sun haɗa kuɗi sun sayi shanun tatsa. Idan saniya ta haihu, kowa sai ya koma kan maraƙi da ƙwaryar nono, uwar kuwa ba mai dubanta. A ganinmu a nan ne hasara take shigo mana, gama a kwanakin nan ne ciwon mahaifa yake kama saniya.

Bayan haihuwa mahaifa tana buɗe, ƙazanta kuwa takan shiga. Wannan ba abin mamaki ba ne, yawancin shanu jikinsu yakan share ta da kansa. Ruwa mai kauri, ja-ja ko ƙasa-ƙasa, zai yi ta fita har mako 2 ko 3. In ba ya wari, ba ciwo ba ne, kada a ɓata kuɗi a kansa. Amma in ya tsinke kamar ruwan wankin nama, yana ɗoyi har mutum ya kau da kai, to mahaifa ta kamu. Wannan yakan faru cikin kwana 10 na fari. Saniyar za ta rage ci, ta daina tuƙa sosai, nono ya ja baya.

Shanun da za a fi sa wa ido su ne waɗanda suka sha wuya wajen haihuwa har aka sa hannu, da masu tagwaye, da wadda ɗanta ya zo a mace, da wadda mabiyiya ta kwana ta wuni ba ta faɗo ba. Game da mabiyiya muna roƙo: kada a ja ta da ƙarfi, kada a ɗaura mata dutse. Jan nan yana yi wa mahaifa rauni, ya buɗe wa cuta ƙofa. In kuwa ɓari ne, a yi hankali da bakkale, gama tana kama mutum. Kada a taɓa da hannu tsirara, nonon kuma a tafasa shi.

Ga shawararmu. Kowace ƙungiya ta sayi ma'aunin zafin jiki da ɗan littafi, ta zaɓi mutum ɗaya ya riƙe su. Kowace safiya har kwana 10 ya ɗaga wutsiya ya duba, ya sansana, ya sa ma'auni a dubura, ya rubuta. Zafin saniya mai lafiya wajen digiri 38 zuwa 39 ne. In ya wuce 39.5, zazzaɓi ne. Da sassafe za a auna, domin rana da kanta tana ɗaga zafin jiki. Amma kada a dogara ga ma'auni kaɗai. Akwai saniyar da mahaifarta ta kamu, ma'auni bai nuna kome ba. Hanci ya fi shi faɗin gaskiya a nan.

Wani zai ce, me ya sa za mu sha wannan wahala, ga allura a kasuwa? To, allurar da aka yi da ka sau da yawa ba ta kai adadi ba, ko kuwa an yi ta ga saniyar da ba ta bukata. Maganin kuma yana fita cikin nonon da yaranmu suke sha. Malamin dabbobi ne zai faɗi wane magani, kwana nawa, da ranar da za a koma shan nonon. In ya zo ya tarar da rubutu, aikinsa ya yi sauƙi ƙwarai.

Akwai kuma na ɓoye, wanda ya fi cin mu. Bayan kwana 21 saniya tana ci, tana ba da nono, ba zazzaɓi, sai dai farar mugunya da ke bushewa a wutsiya, ko a gan ta a ƙasa inda ta kwana. Irin wannan sa zai yi ta hawanta ba ta ɗauka. Cikin saniya wata 9 ne da 'yan kwanaki, watau in ana son maraƙi kowace shekara, sai ta ɗauki ciki kafin wata 3 ya cika bayan haihuwa. Shanu nawa aka kira juya aka miƙa wa mahauta da araha, alhali mugunya ce da ba a duba ba? Saboda haka a mako na 4 a sake ɗaga wutsiyar kowace saniya, har da wadda ake gani lafiyarta ƙalau. In an ga mugunya, a kira malami ya sa safar hannu ya duba ciki.