GIDA DA GONA: Abin da Ke Cin Albasa a Rudu

Kowa ya san albasar Aliero, manoman Jega da Maiyama ma suna nomanta ƙwarai. Wanda kuwa ya taɓa ajiye ta tun girbin bazara, yana jiran damina ta yi kuɗi, ya san takaicin buɗe rudu a tarar da baƙar ƙura kamar kunkunniya tsakanin ɓawo da ɓawo. Waɗansu sukan ce datti ne kawai. Ba datti ba ne. Funfuna ce mai rai, masana suna kiranta Aspergillus niger, baƙar ƙurar nan kuwa irinta ne.

To, me take nema a jikin albasa? Sukari. Uwargida ta san albasa takan yi zaƙi in an soya ta. Wani kashi na sukarin nan irin na rake ne, watau gulukos da furuktos a ɗaure wuri ɗaya. Funfuna ba ta da baki balle haƙori. Sai ta fid da waɗansu sinadarai da ake ce wa enzayim, su narkar mata da abinci tukuna ta tsotse. Wani yana tausasa naman albasar, wani yana raba sukarin biyu. Mai rabawar shi ne imbatas, wanda Bafaranshe Marcellin Berthelot ya fara ware shi daga yisti a 1860.

Sifar imbatas abin mamaki ce. Dogon zare ne na furotin, ya naɗe kansa kamar fanka mai fukafukai biyar, da rami a tsakiya. Sukarin rake yakan shiga ramin daidai wa daida. A 1894 Bajamushe Emil Fischer ya kwatanta irin wannan dacewa da mabuɗi da kwaɗo. A gindin ramin akwai sassa biyu masu tsami, su ne ke datse ɗaurin. Gutsattsarin su fita, wani sukarin ya shiga, shi kuwa imbatas bai ragu ba.

Ga abin da ya shafe mu: kowace datsa ɗaya tana bukatar ruwa, zafi kuma yana hanzarta aikin. Zafi dai ba yadda za mu yi da shi a ƙasar Kebbi. Amma laima da rauni suna hannunmu, gama funfunar takan shiga ne ta ɗanyen wuya ko inda fartanya ta sara.

Saboda haka a daina ban ruwa in lawashi ya fara kwantawa. Kada a yanke shi ƙut da kan albasar, a bar ɗan wuya ya bushe sarai kafin a kai rudu. Kada a riƙa jifa da buhu wajen lodi. A ɗaga ajiyar daga ƙasa domin iska ta ratsa, a tsince masu rauni a sayar da su da wuri, ko da kuɗin bai kai yadda ake so ba.

Uwargida, in baƙin bai wuce ɓawon waje ba, ki ɓare, ki wanke, ki yi miyarki. In ta yi laushi tana tsattsafo da ruwa, sai bola. A wanke hannu bayan tsintar, gama funfunar nan takan kama cikin kunne. Mai asma ko tsohon tarin fuka kuwa, kada a sa shi sharar rudu.