Ra'ayinmu: Yaron da Ya Shiga Gidan Yari, Wa Zai Karɓe Shi?

A shekarar 2019 gwamnatin tarayya ta sauya sunan gidajen yari zuwa gidajen gyaran hali. Dokar da ta kawo wannan sauyi ta hana a tsare yara masu laifi wuri ɗaya da manya, ta kuma tanadi a kafa gidan horon matasa, wato Bostal, a kowace jiha. Waɗanda aka daɗe da saninsu uku ne: na Kaduna, na Ilorin da na Abekuta. Daga Talata Mafara, Bakura ko Maradun, ko na Kaduna ma tafiya ce mai nisa ga uwar da ba ta da kuɗin mota.

Yaron da aka kama da satar akuya ko waya, idan ya kwana watanni yana jiran shari'a tare da riƙaƙƙun 'yan fashi, ya shiga makaranta ke nan, amma ta mugunta. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Mu da muka ga sace 'yan matan Jangebe da harin Kwalejin Noma ta Bakura a 2021, mun san cewa daji yana jiran duk matashin da gari ya ƙi.

Tun 2023 gyaran tsarin mulki ya ba jihohi ikon gina nasu gidajen gyaran hali. Saboda haka muna roƙon gwamnatin Jihar Zamfara ta keɓe wa yara wuri nasu, mai aji da malamai da wurin koyon sana'a. Ga madatsar ruwa ta Bakolori don noman rani, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara. Masu koyarwa ba su yi mana nisa ba.

Amma kada mu tsaya jiran gwamnati. Ko da yake mu 'yan kaɗan ne a wannan yanki, akwai abin da za mu iya. Dattawan ikkilisiya su nemi izini su riƙa kai ziyara, da sabulu da abinci da littattafan karatu, ba tare da tambayar addinin yaro ba. Mu haɗa hannu da limamai da hakimai wajen neman lauya da tsayawa beli ga mai ƙaramin laifi. Teloli, kafintoci da makanikai da ke cikinmu, kowa ya ɗauki yaro ɗaya idan an sallame shi. Zumuntar mata ta riƙa leƙa iyayensa, gama kunya takan rufe su a gida.

Manzo Bulus yana cikin sarƙa ya sadu da Onisimus, wanda ya gudu daga maigidansa, ya kuma roƙi Filimon ya karɓe shi kamar ɗan'uwa. Hukunci aikin kotu ne, ba mu ce a ɗage shi ba. Amma ranar da aka buɗe ƙofa, a samu wani daga cikinmu yana tsaye a bakinta.

Ubangiji ya ba mu zuciyar yin haka. Amin.