Kafin ka canza kamfanin intanet na gidanka a Gaya

Da zarar watan Oktoba ya gabato, aka fara shirin komawa makaranta, sai tallan intanet ya cika gari. Ga alluna a bakin titi, ga saƙonni a salula dare da rana, ga samari da tebur da laima suna sayar da layi. Kowa na rantsuwa nasa ya fi araha. Su kuma iyaye mu malamai suke tarewa a ƙofar makaranta: "Malam, wanne zan sa wa yara a gida?" Amsar da nake bayarwa ba ta cika yi musu daɗi ba, don ba na ambaton sunan kamfani. Abin da nake cewa shi ne, a gari irin Gaya farashin da ke kan allo shi ne abu na ƙarshe da ya kamata mutum ya duba, kuma duk wanda ya ɗaure gidansa da kamfani guda, ta yadda ba zai iya fita ba sai da asara, ya yi mummunan ciniki ko da an ba shi jiga ɗari kyauta.

Mu da muka haura arba'in mun ga yadda sunaye ke sauyawa. Celtel ya koma Zain, Zain ya koma Airtel a 2010. Orange ya sayar da harkarsa a Nijar a 2019, aka sa wa kamfanin suna Zamani. Sonitel da SahelCom aka haɗe su a 2016 suka zama Niger Telecom. Ga kuma Moov Africa. Fenti kan sauya, amma abin da ke kawo intanet ɗakinka shi ne ƙarfen eriyar da ta fi kusa da gidanka, da yawan mutanen da kuke rabawa da su.

Wannan magana ta rabawa ita ce mutane da yawa ba su gane ba. Babbar wayar fiba da ke haɗa Yamai da Kwatano, inda ake kama wayar ƙarƙashin teku, ta Doso da Gaya ta bi. Wato hanyar intanet ɗin ƙasar ta garinmu ta ratsa, kamar yadda tireloli suka yi shekaru suna ratsa mu da kaya daga tashar jiragen ruwa ba tare da an sauke mana ko buhu ba. Abin da akasarin gidaje ke kira intanet na gida kuwa ƙaramin akwatin wifi ne mai layi a ciki, yana shan rezo, abin da 'yan uwanmu na Kamba ke kira sabis, daga eriyar da salularka ke sha. Da hantsi, lokacin da mai talla ke gwada maka a kasuwa, hanya a buɗe take. Bayan sallar isha'i, lokacin da duk unguwa ta kunna bidiyo, a nan ne yaronka ɗan aji uku na kwaleji zai zauna neman tsofaffin tambayoyin BEPC. In akwatin bai yi aiki a wannan sa'a ba, a cikin ɗakin da yaron ke karatu, to saurinsa na hantsi bai amfane ka da komai ba. Saboda haka kafin ka sayi na wata, sayi ƙaramin forfe na kwana ɗaya ko na mako, ka gwada shi da dare, kwana uku a jere. Gani ya kori ji. Maƙwabcinka ma ba hujja ba ne, don katangar siminti da rufin kwano kan sa gida biyu masu jingine da juna su bambanta.

Sai lissafi, wanda shi ne aikinmu. Alƙaluman da zan kawo na allo ne, ba na wani kamfani ba. A ce gidanka na cin jiga 3 a mako. Wani ya ce zai ba ka jiga 15 a jika biyar, amma kwana 7 ne wa'adinsa. Wani ya ce jiga 10 a jika biyar, na kwana 30. A kan takarda na farko ya fi araha nesa ba kusa ba. A aikace kuwa, jiga 3 kawai za ka ci kafin sauran su ƙone, ka sake saye. A mako huɗu ka kashe jika ashirin. Na biyun, ko ka ƙara ɗan ciko a ƙarshen wata, da wuya ka wuce jika bakwai. Haka "bonis" ɗin da ba ya aiki sai tsakar dare: gidan da ke da yara 'yan makaranta bai kamata ya sa shi a lissafi ba sam, sai dai in so kake ka same su a aji suna gyangyaɗi. Wanda aka rubuta "ba iyaka" kuma, tambayi mai sayarwa: bayan jiga nawa ake rage sauri, kuma zuwa nawa? In ya kasa amsawa, ka nemi ya nuna maka a rubuce.

Abin da ke cinye jiga ba karatu ba ne, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Littafin darasi da aka sauke sau ɗaya 'yan mega ne, kuma yana nan a wayar har ƙarshen shekara. Bidiyo kuwa, in an bar shi a kan hoto mai kyau, sa'a guda na iya lashe jiga guda. Uban da ya canza kamfani sau uku yana kukan ana sace masa data, wani lokaci ɓarawon na zaune a tsakar gidansa da TikTok. Rage ingancin hoton bidiyo, da hana wayoyi sabunta kansu ba izini, da sauya kalmar sirrin wifi lokaci-lokaci sun fi canza kamfani rage kashe kuɗi.

Yanzu ga abin da ya sa Gaya ta bambanta da Doso ko Yamai. Mu ƙasashe uku ne ke mana talla. Malanbil na tsallaken kogi, Kamba na nan kusa. Tun da naira ta faɗi a 2023, mai riƙe da sefa ya ga datar Najeriya kamar kyauta, kuma ko bayan ƙarin kashi 50 cikin ɗari da hukumar NCC ta amince wa kamfanoni a Janairun 2025 sha'awar ba ta gushe ba. Ban ga laifin wanda ke kusa da iyaka ya riƙe layin MTN don harkar kasuwancinsa ba. Amma a ɗora karatun yara a kansa, a nan nake da ja. Rezon da ya tsallako iyaka baƙo ne. Ba don kai aka kafa eriyar ba, yau ya zo gobe ya ɗauke, kuma ba ofishin da za ka kai kuka. Na biyu, layin Najeriya sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, kuma a 2024 an rufe layukan da ba a haɗa da ita ba. Wanda ya sayi layi mai rajista da sunan wani, ya zuba masa datar wata uku don araha, ranar da aka rufe layin ko mai sunan ya je ya karɓi abinsa, ba shi da ta cewa.

Wasu kuma sunan ke ruɗarsu. Airtel na Nijar da Airtel na Najeriya uwa ɗaya ce, amma kowanne da lasisinsa da ƙasarsa. Haka Moov Africa na nan da na Benin. Layinka na nan in ya kama eriyar can, a matsayin matafiyi yake, kuma kuɗin matafiyi za a caje ka ko kana kwance a kan tabarmarka. Masu gidaje a bakin kogi su shiga saitin waya su zaɓi rezo da hannu, su kashe datar yawo. Ƙasashen AES uku sun sa hannu a Nuwamban 2024 kan sauƙaƙa kuɗin waya a tsakaninsu, abu mai kyau, sai dai mu nan Bamako ba ita ce maƙwabciyarmu ba. Yarjejeniyar ba ta shafi Benin da Najeriya ba, su kuwa su ne muke hangen fitilunsu da dare.

Kuma mun ga abin da iyaka ke iya yi. Bayan 26 ga Yulin 2023 gadar Malanbil ta rufu, jama'a suka koma kwalekwale, Najeriya ta yanke wutar da Nigelec ke saye a wurinta har tsawon watanni. A 14 ga Maris na 2024 kuma wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kodibuwa, intanet ya tsaya ko ya yi rauni a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma. Ba mu da teku, don haka duk abin da muke sha ta gidan wani yake biyowa. Wanda ya ga waɗannan shekaru da idonsa bai kamata ya biya kuɗin watanni da yawa gaba ɗaya ba, kowane kamfani ne.

Wannan ne ya sa Starlink ya shiga ran mutane. Ya fara aiki a Najeriya a farkon 2023, Benin ta biyo baya a ƙarshen shekarar, mu kuma a hukumance sai Maris na 2025. Tunda daga tauraron ɗan Adam yake sha, cunkoson eriyar unguwa bai dame shi ba, kuma ga wanda aka tura ƙauyen da rezo ba ya kaiwa, ba shi da na biyu. Amma a duba da kyau. Kuɗin kwanon kaɗai ba abin da malamin kwantaragi zai cire daga albashin wata ba ne. Biyan wata-wata ta intanet ake yi, wanda ba shi da katin banki sai ya bi ta hannun wani, shi ma ya ci nasa. Yana son sarari ba inuwar mangwaro ko darbejiya, ruwan sama mai ƙarfi kan katse shi na ɗan lokaci, mu kuwa yankinmu ne ya fi ko'ina a Nijar samun ruwa. Uwa uba wuta: babban kwanon kan ci abin da ya kai wat 75 zuwa 100, ƙaramin akwatin wifi kuwa batirin aljihu ma na riƙe shi sa'o'i. A watan Afrilu, da zafi da ɗauke wuta, wanda ba shi da fano da batir ya sayi kwanon ado. A ganina Starlink kayan makaranta ne, ko na ƙungiyar iyaye, inda za a ajiye shi wuri ɗaya a san mai kula da shi. Ga gida guda mai yara uku, ya yi yawa.

Ga malamai 'yan uwana akwai ƙarin dalili. Tun muna makarantar horon malamai aka gaya mana ba mu da gari. Inda takarda ta ce nan za ka. Bana kana Gaya, baɗi kana Tanda ko Bengu ko Tunuga ko Yelu, kuma kamfanin da ke da ƙarfi a nan ba lalle ya kai can ba. Na san abokin aikin da ya sayi akwati mai rahusa a wurin wani kamfani, aka canza masa wurin aiki, ya isa ya tarar rezon kamfanin ba ya zuwa garin, akwatin kuma an kulle shi ba ya karɓar layin kowa. Rahusar da aka yi masa a kan akwatin, kuɗin wannan makulli ne. Don haka tambayar farko ga mai sayarwa: yana karɓar layin wani kamfani? In ya ce e, ka ciro naka ka sa a gabansa. Ƙarin 'yan jikkunan da za ka biya a kan wanda ba a kulle ba su ne ke ba ka ikon tafiya. Ko tsohuwar salula mai layi biyu da ke raba wifi ta fi kullallen akwati. Canza layin akwati ba ya da zafin canza lambar waya, don ba mai kiranka a kansa. Lambarka ta WhatsApp da ta zauren iyayen yara na nan yadda take. Ga hutun damina kuma, wata uku ba aji, wasu yaran ma suna gona. Me zai sa ka ɗauki tsarin da ba za ka iya dakatarwa ba?

Akwai masu cewa duk wannan wahala ce, uba mai neman na cefane ina ya ga lokacin gwajin dare uku? Suna da gaskiya, kuma a nan ne nake ganin nauyin ya kamata ya sauka daga kan ɗaiɗaikun iyaye. Hukumar ARCEP, mai sa ido kan kamfanonin sadarwa, ita ke da hurumin auna ingancin rezo. Abin da muke buƙata shi ne sakamakon awon ya iso mana gari-gari, da Hausa da Zabarmanci da Dandanci a gidajen rediyo, a kuma tilasta wa kowane kamfani rubuta wa'adin forfe da iyakar "ba iyaka" da harafi mai girman na farashin. Kafin hakan ta samu, kowace makaranta na da kwamitin COGES da ƙungiyar iyaye. Malamai biyar a unguwanni biyar, kowa ya gwada layuka huɗu da ƙarfe tara na dare, mako guda, a rubuta a takarda ɗaya a liƙa a ƙofar ofishin darakta. A sake yi a watan Afrilu, lokacin da wuta ke wasa kuma jarrabawa ta matso.