Kafin ka sayi tabarau, tafi kasuwa da littafinka



Aikina shi ne zagaya makarantun yaƙi da jahilci na karkarar Dumega. Kowace shekara ina ganin wani abu da ke damuna. Ana buɗe aji bayan girbi, mutane su cika tabarma. Kafin wata biyu dattawa sun fara janyewa. In na tambaye su dalili, sai su ce: "Malam, kai ya tsufa, ba ya ɗaukar karatu." Amma na lura da su. Mutum yana karanta abin da ke kan allo daga nesa, ba kuskure. Da an ba shi littafi, sai ya miƙe hannu, ya nisanta shi, ya tsuke ido. Kansa lafiya lau yake. Idonsa ne ke neman taimako.

Daga wajen shekara 40 ido yakan fara kasa ganin abin da ke kusa. Zura zare cikin allura ya yi wuya. Tsince tsakuwa cikin wake ya yi wuya. Haka ma karanta takardar magani ko ta maganin ƙwari. Wannan girma ne, kamar furfura. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce a rahotonta na shekara ta 2019 mutane miliyan 826 ke da wannan matsala ba su samu tabarau ba. A ƙasar Indiya an ba masu tsinkar ganyen shayi tabarau na karatu. Sakamakon ya fito a 2018: aikinsu na yini ya ƙaru da kusan kashi 22 cikin 100.

Ra'ayina shi ne mu ɗauki tabarau kamar yadda muka ɗauki hauya. Hauya tana da ruwa, tana da ƙota. Madubin shi ne ruwa. Jikin da ke riƙe da shi, mai zama kan hanci da kunne, shi ne ƙota. Manomi ba ya sayen ƙota don ta yi sheƙi. Yana riƙe ta, ya ji ko ta yi daidai da hannunsa. To, me ya sa in mun je wajen mai tabarau, sai mu dubi kyau kaɗai?

Ni ma na yi wannan kuskure. Na farkon da na saya mai ruwan zinariya ne, irin na manyan ma'aikata. Ya fi fuskata faɗi. Da na sunkuya kan takarda sai ya zame. Da yamma kai na ciwo. Kuɗina sun tafi banza.

Ga abin da na koya:

1. Tafi da littafinka. Riƙe shi yadda ka saba, kusan kamu guda daga ido. Kowane tabarau na karatu yana da lamba: +1.00, +1.50, +2.00, +2.50, zuwa sama. Fara da ƙarama. Wadda ta fara nuna maka baƙaƙe sarai, ita ce taka. Babbar lamba ba ta fi kyau ba.

2. Ƙwayar idonka ta zauna tsakiyar madubi. Ka sa wani ya duba maka. In jikin ya yi faɗi da yawa, ido zai gaji.

3. Sunkuyar da kai kamar mai ɓarar gyaɗa, ka girgiza shi. In tabarau ya zame, ajiye shi. Ka tuna da gumin bazara.

4. Hannuwansa kada su matse gefen kai, kada su ci bayan kunne. Mace ta gwada da kallabinta ko hijabinta. Namiji ya gwada da hularsa ko rawaninsa. Da su za a yini.

5. Buɗe hannuwan, ka rufe, sau da yawa. In mahaɗin yana rawa tun a kasuwa, ba zai kai damina ba. Na roba ba ya da nauyi, amma zafin rana yana lanƙwasa shi. Na ƙarfe mai araha yana tsatsa da gumi.

6. Ɗalibi ya zaɓi mai siririn madubi. Tabarau na karatu yana dusar da abin da ke nesa. In siriri ne, kana duba littafi ta cikinsa, ka ɗaga ido ta samansa ka ga allo. Kada a tuƙa babur da shi.

Ƙurar hunturu tana karce madubi. A ɗauraye shi da ruwa kafin a goge da tsumma mai laushi. A ɗaura masa igiya a rataya a wuya.

Wasu na cewa tabarau yana kashe ido. Ba haka ba ne. Ko ka sa ko ba ka sa ba, lamba za ta ƙaru da shekaru, har wajen shekara 60. Wasu kuma na cewa kada a sayi na kasuwa sam. Suna da tasu gaskiya, domin awon ido ya fi. Amma wanda ke ganin nesa sarai da ido biyu, kusa kaɗai ke ba shi wuya, na kasuwa yana iya yi masa amfani. Kada rashin kuɗin mota ya raba shi da karatu.

Sai dai akwai waɗanda kasuwa ba ta da maganinsu. In kana ganin hazo ko daga nesa, in ido ɗaya ya fi ɗaya gani, in akwai ciwo ko ja, ko gashin ido na sukar ƙwaya, tafi likita ta kusa. Ma'aikacin lafiya zai nuna maka inda masu aikin ido suke, ko Dogon Dutsi ne, ko Doso, ko Yamai. Yanar ido aiki ake yi mata, tabarau ba ya cire ta. Hawan jinin ido yana cin gani ba tare da ciwo ba, shi ya sa duk wanda ya wuce shekara 40 ya kamata a duba masa ido. Yaro kuwa, kada a saya masa tabarau sai an auna shi.

Kashedi na ƙarshe: kada ka dogara ga aro. Tabarau na maigida ba lalle ya yi wa uwargida ba. Kowa da lambarsa, kowa da faɗin fuskarsa.

Malaman aji, ina roƙon ku. In kun ga ɗalibi yana nisanta littafi, ku yi masa wannan bayani kafin ya bar aji. Maigida, in ka sayi naka, ka tuna da mai tsince maka wake.

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.