Ma'aunin Sauri da Kunnen Mai Juya Faifai

Aikin mai juya faifai, watau DJ, shi ne ya shigar da waƙa cikin waƙa ba tare da masu rawa sun yi tuntuɓe ba, kuma hakan ba ya yiwuwa sai bugun faifan biyu ya sauka tare. Tun 1979 da aka fitar da Technics SL-1200MK2, mai sandar ƙara ko rage sauri da kashi 8 cikin ɗari, ake yabon injin da ya fi iya daidaitawa. Yabon yana da dalili: kuskuren kashi 0.1 cikin ɗari kacal zai raba bugun biyu da milisakan 60 a minti ɗaya, kiɗa ya koma kamar sukuwar doki.

Amma a ganina yabon ya zarce gona da iri. Daidaiton sanda yana wadatarwa ne ga kiɗan da na'ura ta buga. Galibin faya-fayan disko na shekarun 1970 kuwa mutum ne ya kaɗa gangarsu, yana ɗan gaggawa, yana ɗan jinkiri. A nan tilas DJ ya kasa kunne, yana tura faifan ko tsayar da gefensa da yatsa har sauyin ya kammala.