MAGANI SAI DA GWAJI

Jama'a, yau kukanmu a kan sankarar mama ne, wadda ke cin matan ƙasar Haɗejiya a ɓoye. Mace ta ji ƙululu a nono, kunya ta sa ta yi shiru, sai abu ya ɓaci a ɗauko ta daga Guri ko Kirikasamma.

To, masana sun gano sankarar nan ba iri ɗaya ba ce. Akwai wani furotin mai suna HER2 a jikin ƙwayar halitta, wanda ke ba ta umarnin hayayyafa. Wajen mace ɗaya cikin biyar masu ciwon, furotin ɗin ya yi yawa a ƙarinsu, ciwon kuwa ya fi saurin yaɗuwa. Tun 1998 Amurka ta amince da allurar Herceptin, mai kama furotin nan ta danne shi. Wadda nata bai yi yawa ba, allurar ba ta amfanarta. In sankararta mai bin sinadarin mata ce, ƙwayar tamoxifen ce tata. Ba a rarrabewa sai an yanko 'yar tsoka an gwada.

Ina manomin shinkafa a fadama zai sami kuɗin mota zuwa Kano, da na gwaji, da na allura?

Muna kira ga Gwamnatin Jigawa, ta sa a riƙa ɗaukar tsokar a Haɗejiya, ta aika ɗakin gwaji, ta biya, ta kuma sayo maganin. Ba alfarma muke roƙo ba, harajinmu ne.